Me Na Riga Shi Samu?

Ranar Lahadi, bayan na sauka daga shirin safe, ni da ƙanena muka hau kekuna daga Ngaundere, za mu zagaya ta tafkin Tison mu dawo. A hawa na biyu numfashinsa ya ƙare, ni kuwa na ci gaba da taka feda ban waiwaya ba. Sai da na kai saman tudu na hango shi can ƙasa, yana tura kekensa shi kaɗai cikin rana.

Kunya ta kama ni. Hanyar zagaye ce, gida ɗaya za mu koma, to me na riga shi samu? Ƙarfin da Allah ya ba mutum, na tsere wa ɗan'uwa ne, ko na jiransa? Na gangara, muka tura tare.