Filin Sakin Karnuka: Musulmi Ya Sa Hannu Ko Ya Ƙi?



Tambaya ce daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka. Mutanen unguwa suna bi gida-gida da takarda, suna neman sa hannu don majalisar gari ta yanka musu wani ɓangare na filin shaƙatawa, a kewaye shi da waya, su riƙa sakin karnukansu babu igiya. Musulmi ya sa hannu, ko ya tashi ya yaƙi abin?

Ga wanda bai san ƙasar ba, a yawancin biranensu doka ce kare ya fita da igiya a wuya, in ba haka ba a ci mai shi tara. Mazaunin gidan bene kuwa ba shi da tsakar gida. Shi ya sa a 1979 mutanen Berkeley a jihar Kalifoniya suka ware filin Ohlone, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko. Ƙofa biyu ake yi wa irin wannan fili, ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, don kada kare ya sulale. Kowa shi ke kwashe kashin karensa.

Ni dai a ganina, ƙyamar kare kaɗai ba ta isa hujjar yaƙar wannan fili ba.

Maganar najasa ce ke fara zuwa bakinmu. To a mazhabar Imam Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, kare mai rai yana da tsarki, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya lasa umarni ne da ake bi don bauta. Shafi'iyya ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. Hadisin raguwar ladan wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba kuwa ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba na ba wani Musulmi shawarar ajiye kare don sha'awa. Amma fa hadisin da kai yake, da gidanka. Maƙwabcinka wanda ba Musulmi ba ya riga ya mallaki karensa. Ko ka sa hannu ko ka ƙi, karen yana nan. Abin da ake tambayarka shi ne ina zai yi gudunsa: cikin shinge, ko kan ciyawar da 'ya'yanka ke wasa, wadda wataƙila a kanta kuke shimfiɗa darduma ranar Idi?

Shi ma karen halittar Allah ne. Mun karanta wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa har ta mutu. Dabbar da ke yini a ɗaki tana bukatar inda za ta miƙe ƙafa.

Inda zan ce a tsaya da ƙarfi shi ne wurin da za a yanka. Filin na kowa ne, da harajin kowa ake kula da shi. In filin ƙwallon yaran talakawa za a ƙwace a ba karnukan masu hali, wannan zalunci ne, kuma ko ba Musulmi ba zai ji wannan hujjar. Sai dai, jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya: ƙorafi a WhatsApp mun iya shi, amma ranar zaman majalisa, inda ake ba kowane ɗan unguwa 'yan mintuna ya yi magana, kujerunmu fayau. Alhali galibi a hukumar garin nan ake neman izinin gina masallaci.

Don haka kafin ka sa hannu ka nemi ganin taswirar. Ka tambayi tsayin shingen, da nisansa daga wurin wasan yara, da wanda zai riƙa kwashe shara, da ko za a wajabta shaidar allurar haukan kare. In amsoshin sun gamsar, ni ban ga laifin sa hannun ba. In ba su gamsar ba, ka je zaman ka faɗi gyaran da kake so a yi.