Tsakanin Alama da Camfi: Shirin Musulmi Kafin Bala'i



Ya ku 'yan'uwa samari, tambayarmu ita ce: in dattijon ƙauye ya ce bana ruwa zai yi ɓarna, ko masu binciken yanayi suka ba da sanarwa a rediyo, Musulmi ya saurara, ko kuwa wannan shiga gaibu ne?

Samarinmu sun kasu biyu. Wani, don ya yi boko, sai ya raina duk abin da kakanninsa suka sani. Wani kuma, don ƙyamar shirka, sai ya haɗa manomi da boka da mai awon ruwa ya watsar gaba ɗaya, ya ce shi ya dogara ga Allah. Dukansu sun kauce.

Ma'aunin ɗaya ne. Shin abin nan sababi ne da Allah ya sanya a cikin halittarsa, wanda ido ke gani, jarrabawa ke tabbatarwa? To, karɓe shi daga bakin ko wane ne. Dattijo ya ga shamuwa ta iso ya ce damina ta kusa, wannan lura ce. Ya nuna maka iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a fadama, ya ce kar ka yi gini a nan, wannan tarihi ne. Ya ajiye gero da zangarniyarsa a rumbu saboda shekarar fari, ai shawarar da Annabi Yusufu ya ba mutanen Masar ke nan. Manzon Allah kansa ya bar wa manoman Madina saninsu a kan barbarar dabino.

Amma wanda ya ce tauraro kaza ne ya saukar da ruwa, ko a yanka wa kogi baƙin bunsuru don kada ya cika, wannan shirka ce, ba mu da sulhu da ita.

Haka nan hukumar NiMet, da take fitar da hasashen damina kowace shekara: awon iska ne da gajimare, yana dacewa, yana kuskure. Kirdado ne, ba sanin gaibu ba. Ita tana hango ƙasa daga sama, amma ba ta san kwarin da ke bayan gidanku ba. Dattijo ya san kwarin, amma bai san halin da madatsar ruwa take ciki ba. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri da dare. Irin wannan ba shamuwar da za ta faɗa maka, sai injiniya.

Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Saboda haka ku zauna da tsofaffin unguwarku, ku rubuta hanyoyin ruwa da suka sani. Ku kai sanarwar hukuma masallaci bayan salla. Ku yashe lambatu kafin ruwan farko, ku san tudun da za a kai mata da yara da marasa lafiya. Wanda ya ji gargaɗi ya yi shiru har katanga ta faɗa wa maƙwabcinsa, me zai ce wa Allah?

Allah ya kiyashe mu da bala'i, ya sa mu dace.