Baƙon da ya zo ba shiri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, yawancinmu nan Alkalawa da baƙunta muka fara. Daga Kano, Katsina, Sakkwato da Haɗeja iyayenmu ko mu kanmu muka sauka Jimeta da ƙullin kaya, wani bawan Allah ya buɗe mana zaurensa kafin mu samu rumfa a kasuwa. Wannan bashi ne a wuyanmu.

Mun taɓa biyan wani abu daga ciki. Ƙarshen watan Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta, wasu ma a ƙafa. Akasarinsu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen jama'a ne. Wa ya yi shirin wannan? Babu. Amma aka ƙara ruwa a miya, yara suka bar ɗakinsu, kuma Allah ya rufa asiri.

To yau fa? Abokin ciniki motarsa ta lalace a hanyar Numan, ya iso tashar Jambutu cikin dare, ya buga mana waya. Ko ɗan'uwa ya kawo mara lafiya asibiti, ga wata ya yi nisa, ga kaya ba su iso ba. Muna karɓarsa dai, amma da fuska a murtuke. A ajiye masa tuwo ana tsaki, mu shiga ciki mu sauke haushin a kan uwargida. Kun ga an kashe kuɗi, lada kuma ta yi rauni. Ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mu tuna mutumin Madina nan da ya tafi da baƙon Manzon Allah (SAW) gidansa, alhali babu komai sai abincin yara. Shi da matarsa suka lallashi yaran suka yi barci, suka kashe fitila, suna yi kamar suna ci har baƙo ya ƙoshi. Da safe Annabi ya sanar da shi cewa Allah ya yaba da abin da suka yi. Malaman tafsiri suna kawo ƙissar a ƙarƙashin aya ta 9 ta Suratul Hashri. Mu lura, fitilar da suka kashe don kada baƙo ya ji kunya ne.

Sunna ta yi adalci ga kowa. Liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya takura mai gida ba. Saboda haka kada mu ci bashi don burgewa. Abin da ke akwai shi za a kawo, ko da gari da ƙuli ne, tare da "sannu da zuwa" mai daɗi. Mu kuma gode wa matanmu, domin su ke tashi hura wuta cikin dare.

Allah ya ba mu haƙuri in shiri ya rushe, ya sa albarka a kasuwancinmu da gidajenmu, ya jiƙan waɗanda suka sauke mu. Amin.