Ko Daidai Ne Direba Ya Yi Jayayya Da Takardar Tara?

Dokar hanya ta Nijeriya ta ce kowace mota ta ɗauki lamba biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Mai motar kansa lambarsa da shuɗin rubutu ta ke, ta motar haya da ja, ta gwamnati kuwa da kore. Masu lura da wannan su ne ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, watau FRSC, wadda aka kafa a shekarar 1988. Dokar hukumar ta 2007 ta jera laifofin hanya da tararsu, ta sa naira 3,000 a kan laifin lamba.

To, a ce wani direba ya ɗauko buhunan gero daga Fakku, a ƙasar Kebbe, ya nufi Tambuwal. Hanya da gargada. Notin da ke riƙe da lambar gaba ya kwance, lamba ta faɗi cikin rairayi, shi kuwa bai sani ba. Da ya hau babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Jega, sai ma'aikata suka tsai da shi, suka rubuta masa takardar tara. Mene ne ya kamace shi? Ya biya ya yi shiru, ko kuwa ya ce bai yarda ba?

Waɗansu za su ce, "Bin na gaba bin Allah ne. Biya ka huta." Waɗansu kuma za su ce, "Wannan zalunci ne, gama ba da gangan ya yi ba." Ya mai karatu, bari mu auna maganar a hankali, domin abin da ke cikinta ya fi naira 3,000.

Da fari dai mu tambayi kanmu, don me aka ce a sa lamba? Lamba ita ce sunan mota. Idan mota ta buge yaro a bakin kasuwa ta gudu, lambar nan ce kaɗai za ta kai iyayensa ga mai motar. Idan an sace mota, da lamba a ke cigiyarta. Wanda ke tsaye a bakin hanya, gaban mota ya ke fara gani, saboda haka ta baya kaɗai ba ta isa ba. Mutanen Kebbe da Tambuwal, waɗanda suka sha wahalar 'yan bindiga a shekarun nan, ba sa bukatar a faɗa musu amfanin sanin wane ne ya wuce a hanya, da kuma a kan me ya wuce. Ashe dokar tana da dalili. Ma'aikacin da ya ga mota ba lamba ya tsai da ita, aikinsa ya yi, ba kuwa shi da hanyar sanin abin da ya faru a bayan Fakku.

Amma wannan bai ƙare magana ba. Takardar da ma'aikaci ya rubuta zargi ce, hukunci kuwa na alƙali ne. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce kowane mutum yana da hakkin a ji ta bakinsa, kuma ba a ɗaukarsa mai laifi sai an tabbatar. Don haka wanda aka ba takarda yana da hanya biyu waɗanda doka ta buɗe masa. Yana iya biya a asusun gwamnati ya karɓi rasit, ko kuwa ya ce a kai shi gaban alƙali. Wanda ya zaɓi ta biyu bai yi wa hukuma tawaye ba. Hukumar da ta sa ma'aikaci a hanya ita ce ta sa alƙali a kotu, domin ta san ma'aikaci mutum ne, yana iya kuskure.

An kuwa gwada wannan hanya a kan maganar lamba. A shekarar 2011 hukuma ta fito da sabuwar lamba, ta ce kowa ya sake tasa. Wani lauya ya kai ƙara, a watan Maris na 2014 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta ba shi gaskiya. Hukuma ta ɗaukaka ƙara, kotu ta gaba kuwa ta tabbatar da ikonta a cikin wannan shekara. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon cin tarar direba don lambarsa ta koɗe, tun da ita ce ta ƙera lambar. Dubi fa, a ɗaya mai ƙara bai ci ba daga ƙarshe, a ɗaya ya ci. Amma dukansu biyu sun amfani jama'a, gama kowa ya ƙara sanin iyakar ikon hukuma da iyakar hakkin talaka. Da a ce kowa haƙuri ya ke yi ya biya, da ba wanda zai sani.

Sai dai lamba mai koɗewa dabam, lambar da babu dabam. Direbanmu na Fakku ba shi iya cewa lamba tana nan, gama ba ta nan. A nan ne gwajin halinsa ya ke. Akwai abin da ya faru, akwai kuma dalilinsa. Abin da ya faru, lalle ya amsa shi ba ƙwange: "I, an same ni ba lambar gaba." Dalilin kuwa yana da iko ya faɗe shi sarai: "Da safe tana nan, a hanya ta faɗi, ga ramin noti, ga yaron motata ya gani." Ya nuna takardun mota, ya nuna lambar baya ta yi daidai da su. Alƙali ya auna, ko ya sassauta, ko ya ce a biya. In ya ce a biya, sai a biya ba gunaguni.

Amma a ce lambar ta yi wata uku da faɗuwa, mai mota yana ta cewa gobe, gobe. Ko kuwa shi da kansa ya cire ta don kada a gane shi. Idan wannan mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce yau ta faɗi, har ya koya wa yaron motarsa abin da zai faɗa, to, ya mai da ƙaramin laifi babba. Sakaci ne ya kai shi kotu, ya komo gida da ƙarya, ya kuma ɓata yaron da aka ba shi amana. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko ma ba a kama shi ba, ya cuci direba mai gaskiya da zai zo bayansa, domin alƙalin da aka ruɗa sau goma ba ya saurin yarda da na goma sha ɗaya. Irin wannan mutum, abin da ya dace da shi shi ne ya biya tararsa.

Akwai kuma hanya ta uku wadda doka ba ta buɗe ba, ita ce kuwa aka fi bi. Direba ya naɗe 'yar takardar kuɗi cikin lasin ya miƙa, ya ce na goro ne. Mutane suna ganin wannan ya fi sauƙi, har suna kiransa wayo. Dokar nan ta 2007 ta sa naira 10,000 a kan wanda ya nemi ba ma'aikaci hanci, watau fiye da ninki uku na laifin lamba. Daidai ne kuwa. Mai biya ya yarda da doka, mai zuwa kotu ya nemi doka ta duba shi, amma mai ba da hanci ya koya wa ma'aikaci cewa mota marar lamba tana iya wucewa in an biya. Gobe wanda zai biya ya wuce, wataƙila ɓarawon shanun garinku ne.

Mun sani zuwa kotu da wuya. Mutum zai bar aikin yini, ya biya kuɗin mota, wataƙila abin da zai kashe ya fi tarar. Wanda ya auna haka ya biya, ko da ya ke yana ganin yana da hujja, ba mu ga laifinsa ba. Amma kada ya raina ɗan'uwansa da ya ɗauki wahalar ya tafi, ya ce da shi mai taurin kai.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai mota, duba notin lambarka kafin ka tashi. In ta ɓace, kai rahoto ga 'yan sanda, yi takardar rantsuwa a kotu, ka nemi wata a ofishin lasin, ka kuma riƙe takardun nan a mota. In an ba ka takardar tara, yi magana da ladabi a hanya, ka karɓa. Sa'an nan ka zauna ka tambayi zuciyarka, "Abin da zan faɗa wa alƙali, haka ya faru?" In haka ne, tafi ba tsoro. In ba haka ba ne, je ka biya.