YA YARDA DA WUƘA, YA GUJI ALLURA

'Yar'uwa, ko kin san akwai masu yawo a duniyar nan da inji a cikin ƙirjinsu? A ƙasashe irin su Amurka da Jamus, idan zuciyar mutum ta gaza harba jini, likitoci kan tsaga ƙirjinsa su ɗinka wani ɗan famfo a ɓangaren hagu na zuciyar, shi zai riƙa tura jinin. Waya ce ke fitowa ta fatar cikinsa zuwa batiran da yake ratayawa. Tsohon mataimakin shugaban Amurka, Dick Cheney, an sa masa a 2010, ya zauna da shi har 2012 da aka yi masa dashen zuciya.

To ga abin mamaki. Wasu masu wannan famfo, da an ce su zo a yi musu rigakafin mura ko na korona, sai su noƙe. Mutumin da ya miƙa ƙirjinsa ga wuƙa, ina shi ina tsoron allura?

Kada ki yi saurin yi masa dariya. Babban abin da yake tsoro shi ne jini ya yi guda ya toshe famfon, shi ya sa kullum yana shan maganin tsinka jini. Sai ga shi a 2021 an tabbatar allurar AstraZeneca ta jawo wa 'yan tsiraru gudan jini, ta Pfizer da Moderna kuma kumburin zuciya, yawanci ga samari, akasarinsu kuma suka warke. Wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Amma fa a ganina asalin maganar ya wuce nan. Famfo ya karɓa ne lokacin da numfashi ke gagararsa, ba shi da wata mafita. Allura kuwa ana zuwa masa da ita ne yana jin dama-dama. Haka ɗan Adam yake, ya fi tsoron wahalar da ya kai kansa da ƙafarsa fiye da wadda za ta same shi yana zaune. Gani yake in ya ƙi, ya tsira. Alhali ƙin ma zaɓi ne, shi ma da nasa haɗarin. Murar da za ki sha citta ki warke, shi tana iya zame masa ciwon huhu ta kwantar da shi asibiti. In kuma dashe yake jira, magungunan bayan dashe suna raunana garkuwar jiki, don haka rigakafi ya fi kamawa kafin a yi.

To wa ke da ta cewa? Jikinsa ne, ba a yi masa dole. Sai dai ya tuna ba shi kaɗai ke ɗauke da ciwon ba. Akwai wadda ke wanke masa bakin wayar nan, take cajin batir, take kwana ido biyu.

Ke kuma mai jinya, ko wane irin mai ciwon zuciya ne a hannunki, kada ki yi masa gori, kada ki yi masa dabara. Tambaye shi, me yake tsoro? Sannan ku je wajen likitan da ya san zuciyarsa, ya faɗa da bakinsa a ba shi amsa. Tsoron da aka furta ya fi sauƙin magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.