Ɗana, tsaya ka duba haƙoran giyarka

Na je fadama na ga abin da ka ƙera wa mahaifinka, faifan sola mai bin rana don ban ruwan rake. Na yi murna, domin ba kullum yaron Gubuchi ke dawowa daga Zariya da karatun da ake iya taɓawa da hannu ba. Amma na ji abin da ka faɗa wa mai waldar bakin kasuwa da ya ce giyarka tana wasa, wai wannan aikin kwamfuta ne, ba irin nasu ba. Wannan magana ba ta dace da kai ba. Dattijon sa'an mahaifinka ne, kuma gaskiya ya gaya maka.

Kuɗinka duk sun tafi a kan moto. Ka sayo mai tafiya taki-taki, wanda ke raba zagaye ɗaya gida 200, kowane taki digiri 1.8, kana ta yi wa mutane bayaninsa. Sai ka haɗa shi da tsoffin giyoyi biyu da ka tsinto a Panteka ta Kaduna, haƙoransu sun cinye. Na kama gefen faifan na girgiza, ya tafi ya dawo, moto kuwa ko motsi bai yi ba. Yi lissafin da kanka. Idan akwai filin milimita 1 tsakanin haƙora, a giyar da ke da santimita 5 daga tsakiya zuwa baki, to gefen faifan da ke nesa da sandar juyinsa da mita 1 zai yi lilo na santimita 2. Moto yana ƙirga takinsa daidai, faifai yana inda iska ta ga dama.

Ba ma kuskuren saitin ne ya fi damuna ba. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa, wato digiri 1 a minti 4. Idan faifan sola ya kauce mata da digiri 5, wutar da za ka rasa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Masu ɗaura dish ne ke buƙatar saiti mai tsanani, don suna neman tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000, ɗan kaucewa kaɗan hoto ya ɗauke. Kai ba haka aikinka yake ba. Motsa faifai sau ɗaya kowane minti 15 ya wadatar. Abin da kake buƙata shi ne riƙo, kuma shi ne ba ka da shi.

Ka san irin iskar da ke gaban ruwan farko a ƙasar nan, wajen Afrilu da Mayu, wadda ke yaye kwanon ɗaki. Faifanka faffaɗa ne, duk za ta taru a kansa. Giya mai miƙaƙƙun haƙora irin taka tana karɓar juyi ta kowane ɓangare: moto ya juya faifai, faifai ma ya juya moto. Don hana haka sai ka bar wa moton wuta dare da rana, batir yana zuƙewa. Ranar da iska ta fi ƙarfinsa zai tsallake taki, kwamfutar ba za ta sani ba, za ta ci gaba da ƙirga daga inda take zato. Wannan filin da ke tsakanin haƙora kuma, duk kaɗawar iska sai haƙori ya daki haƙori, har ɗaya ya karye.

Maganin yana jikin kowace tsohuwar mota. Buɗe moton waifa ka gani: sanda ce mai zare kamar na noti, tana tura haƙoran wani faifai. Idan zaren bai da gangare sosai, sandar za ta juya faifan amma faifan ba zai iya juya sandar ba, ko an ɗauke wuta yana nan daram. Samo babbar irinta mai ragi 60 zuwa 1, takin motonka zai koma digiri 0.03, ƙarfin juyinsa ya ninka sau da yawa. Sa boris biyu masu kyau a sandar faifan sola. Ka sa kwamfutar ta riƙa zuwa wurin tsayawa ta ɓangare ɗaya kullum, gabas zuwa yamma, don haƙoran su zauna a jingine da juna. Ka kafa makunni a ƙarshen gabas, kowace safiya faifan ya taɓa shi a fara ƙirga sabo. Sannan ka rufe giyar da akwati. Giris da ƙurar hunturu idan suka haɗu, faifan ƙarfe ma gogewa yake yi, balle tagulla.

Duk wannan, masu matse rake na ƙasar Makarfi sun riga ka saninsa, ko da ba su san sunansa a littafi ba. Tsaya wurin masu mazarƙwaila ka kalli yadda inji ke gudu, bel da giya suna rage gudun har ƙarafan matsa su riƙa juyawa a hankali da ƙarfin da ke tatse kara. Da kunne suke gane haƙori ya fara ci. Tambaye su, ba za ka ragu da komai ba.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi tun kafin ka kashe ko kwabo. Bin rana da sanda ɗaya yakan ƙara wutar da ta kai wajen kwata. Ka kwatanta kuɗin moto da giya da batir da kuɗin ƙarin faifai ɗaya ko biyu da ba sa motsi, ba sa neman gyara. A ganina, ga gonar mahaifinka, ƙarfe mai huji uku da za a gyara da hannu safe da rana da la'asar zai yi kusan aikin nan. In kuma koyo kake so, to gina shi da kyau, ni ma zan taimaka da kuɗin giyar.

Gobe da safe ka je wurin mai waldar nan ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, ka tafi masa da giyoyin ya duba. Allah Ya yi maka albarka.