Dukushi a Ƙarƙashin Jirgi: Ina Iyakar Larura?

A yammacin Amurka, musamman jihar Nevada, dubban dawakai na yawo a daji, ba linzami ba ubangida. Dokar 1971 ta ba su kariya, kulawar akasarinsu kuma tana hannun BLM, hukumar filayen gwamnati. A 1976 majalisa ta amince a riƙa koro su da jirgi mai saukar ungulu. Jirgin kan yi ƙasa-ƙasa, ya fafari garke tafiya mai nisa cikin duwatsu har bakin shinge. Ingarma yakan jure wannan gudu. Dukushin da kofatonsa bai gama ƙwari ba kuwa yakan galabaita, ko ya karye, ko ya ɓace wa goɗiyar da ke shayar da shi.

Hukumar tana da hujja mai nauyi. Ta ce filin na iya ɗaukar dawakai da jakuna kimanin 27,000, alhali a 2024 sun haura 70,000, garke kuma kan ninka cikin shekara huɗu ko biyar. Idan aka bar su, fari da yunwa za su kashe fiye da abin da jirgi ke kashewa. Wannan larura ce, kuma malaman fiƙihu sun yarda larura tana halatta abin da aka hana. Sai dai sun gindaya sharaɗi: a tsaya daidai gwargwadonta. Larura ta wajabta rage yawan dawakai, amma ba ta zaɓa wa kowa jirgi ba. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, saboda tashin hankalin da ya gani a tare da ita. Ashe firgicin uwa da ɗa abin lissafi ne ko ba a zubar da jini ba, don haka iƙirarin hukumar cewa mutuwa wajen kamu ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba bai rufe magana ba.

Za a ce sauran hanyoyin suna da jinkiri, ƙasar kuma faɗi gare ta. Gaskiya ne, ba ko'ina tarkon ruwa da abinci ke aiki ba, allurar hana ɗaukar ciki ta PZP ma tana buƙatar maimaici. Amma ta yi aiki a tsibirin Assateague, kuma rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa na 2013 ya nuna yawan kwashe dawakai na iya ƙara wa waɗanda suka rage saurin haihuwa. Ita kanta hukumar tana dakatar da jirgi daga Maris zuwa ƙarshen Yuni saboda lokacin haihuwa, wato ta amsa cewa akwai cuta. To dukushin da aka haifa a Yuni bai zama doki a Yuli ba. Duk inda hanya mai sauƙi za ta yiwu, korar dukushi da jirgi zalunci ne, kuma wanda aka ba amanar dabba za a tambaye shi a kanta.